Ɗakin da Inna ta yaɓe

Jama'a, wallahi ni wannan ya faru da ni, ba ji na yi ba, shekarun baya lokacin ina da shagon hoto a Gazawa, ina zaga ƙauyuka da babur. Wata tsohuwa ta sa aka kira ni wani ƙauye ta wajen Agiye. Ɗanta ya tafi Aljeriya neman kuɗi, an daɗe shiru, ita kuma ta yaɓe masa ɗaki da hannunta, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, tana so a ɗauke ta a bakin ƙofa a aika ko ya gani ya dawo. Ta ce lallai cikin ɗakin ya fito a hoton.

To rana tsaka ce, in fuskarta ta fito ɗaki ya yi baƙi ƙirin, in ɗaki ya fito ita ta wanke fari fat. Sai na yi dabararmu ta masu hoto, na ɗauki mai duhu, da mai haske, da matsakaici, na koma shago na haɗa su ɗaya, ina buɗe inuwa kaɗan-kaɗan, don in ka cika hannu hoto sai ya koma zanen jikin mota.

Ina cikin buɗewa sai ga mutum zaune bisa tabarmar nan, ƙafafunsa duk rairayi. Na duba hotunan da na haɗa ɗin ɗaya bayan ɗaya, babu kowa, ni kuma da idona na leƙa ɗakin ran nan, ba kowa ciki. Haka na wanke hoton na kai mata.

Ta daɗe tana kallo, ta ce ya rame. Sannan ta ce, "Ba sai ka aika ba, ɗan nan. Ya iso."

Sai ta kira shi da sunansa. Matan gidan suka fashe da kuka, ashe ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ta sa aka shimfiɗa tabarmin gaisuwa. Sai da damina ta wuce labari ya zo cewa motar da ɗan nata ya shiga ta lalace cikin sahara, can ya rasu.

Har yau in na tuna ƙwalla nake yi. Ku da kuke nesa, don Allah ku kira uwayenku yau, ko ba ku samo komai ba.