Iskar da Ba Ta Kawo Ruwa

Aikina shi ne auna kaurin iskar da ke can ƙololuwar sama, inda taurarin ɗan'adam ke kewaya duniya. Iskar ba ta da yawa, amma tana gogar su, suna saukowa kaɗan-kaɗan. Daga yadda suke saukowa nake lissafa kaurinta. A can babu gajimare, babu ko ɗigon ruwa.

A ƙauyenmu na Guna kuwa abu ɗaya aka ji: ɗan wane ya karanci sama.

Wata bazara na je gida daga Damagaram. Babana ya zaunar da ni a gindin rumbu, ya nuna mini ɗan irin geron da ya rage masa. So yake ya yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari. In ruwan ya zo da ƙarfi, ka riga kowa. In yayyafi ne, iri ya tsiro ya ƙone.

"Kai da ka san sama," ya ce, "in binne ko in dakata?"

"Wallahi Baba ban sani ba. Inda nake aunawa ya wuce inda ruwa yake."

Ya ce, "To me suka koya maka a lakwal ɗin?"

Ranar kasuwar Mirriya wani Bakano mai sayar da atamfa ya buga ƙirji ya ce masa damina ta sauka a wajensu, ga ta nan tafe. Shi ma bai sani ba, murya kawai ya fi ni. Baba ya dawo ya binne irin duka. Aka yi yayyafi, gero ya leƙo, rana ta cinye shi.

Ba wanda ya zagi Bakanon. Ni aka ce na sani na yi rowa, har da ƙanwar babana cikin masu faɗar haka. Abin yana ci mini rai har yau, don da na yi ƙarya da gadara, da an ce Allah ne bai nufa ba.

Bana ina gida hadari ya haɗo daga gabas. Baba ya ɗaga kai ya duba, ya juyo kamar zai yi mini magana. Sai ya leƙa ta kan danga ya tambayi maƙwabcinmu.