Wata Biyu Ina Ci da Hagu

A bakin famfon masallacinmu na Unguwar Dosa santsi ya kwashe ni, na dafa ƙasa da hannun dama. Mai ɗori ya ce targaɗe ne, ya ja, ya murza har sai da na yi salati da ƙarfi. Bayan wata huɗu, ko buta na ɗaga sai in ji wuyan hannun ya goce. Likitan ƙashi ya ce jijiyar da ke riƙe ƙananan ƙasusuwan wurin ce ta tsinke. Aka yi mini aiki, aka ɗinke ta, aka soka siraran ƙarafa biyu, aka naɗe da filasta har kusa da gwiwar hannu. Ya ce sai ta yi wata biyu.

Ciwon bai dame ni kamar ciyayya ba. Mu huɗu ne, duk 'yan fansho. Bayan magariba kowa zai fito da kwanonsa ƙofar gidan babbanmu, mu ci tare. Tun rasuwar maiɗakina, nan kaɗai nake cin abinci ana hira da ni. Tuwon nawa na saye ne, ba wanda ya taɓa nuna ya sani.

To, ta yaya dattijo da furfurarsa zai tsoma hagu a kwanon mutane? Na gwada cokali a ɗaki, miyar kuka ta wanke mini gaban riga. Na ce ba da ni ba.

Da suka zo dubiya, babbanmu ya ce, "Malam, wurinka na nan fa."

"Likita ya hana ni zaman tabarma, Yaya." Haka na shara masa ƙarya.

Ba su sake yi mini tayi ba, ni kuma na koma jin haushin ba su matsa ba. Ina jiyo dariyarsu ta kan katanga, ina tura loma a ɓoye kamar ɓarawo. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai.

Saura mako guda a cire filastar, babbanmu ya kwanta, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. A wurin zaman makoki, ɗaya daga cikinmu ya matso kusa da kunnena.

"Ai marigayi ya gane ba likita ne ya hana ka ba. Mun so mu ɗauko ka, ya ce a bar ka, kada a kunyata ka."

Ba a ƙara shimfiɗa tabarmar nan ba. Hannu ya warke sarai. Da dama nake ci yanzu, ni kaɗai.