Ranar da na hana Yaya kod

Ni fa har gobe ra'ayina ɗaya ne: kod ba goro ba ne, ba a rabonsa. Kod, wato kalmar sirrin da ake buɗe kwamfuta ko waya da ita, mutum ɗaya ya kamata ya san shi. Na daɗe ina wannan wa'azi a Arlit, inda nake kula da rezo, wato haɗin kwamfutoci, a wani ƙaramin kamfani mai yi wa masu haƙar ma'adini kwangila. Aikina jan waya, haɗa kwamfutocin ofis su ga juna, da shan zagi duk ranar da intanet ta ɗauke. In komai na tafiya daidai ba wanda ya san da ni. In ya tsaya kuwa, har mai gadi ya san lambata.

Mutanenmu ba mugunta ke damunsu ba, kirki ne ya yi musu yawa. Sai ka ga babban mutum ya rubuta kod ɗinsa a takarda ya manna a gefen allo, wai don kada abokin aiki ya sha wahala in ya zo ba ya nan. Shef ɗinmu ma, wato shugaban ofis, lambar motarsa ya sa, motar da kowa ke gani a bakin ƙofa. Nakan bi ofis-ofis ina ɓare takardun nan ina faɗa, su kuma su jira in juya baya su manna sabuwa. Ga kle, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a ɗibi takardu a ciki, yau tana shagon hotokofi, gobe tana kwamfutar sakatare, ta kwaso cuta ta raba wa kowa.

A fadarmu ta shayi kuwa an san ni da zancen Linux. Da an ɗora buta zan fara. Nakan ce musu manhaja ce da aka bar cikinta a buɗe, kyauta, dubban mutane a duniya suka haɗu suka rubuta ta, kowa na iya leƙawa ya ga abin da take yi. Kwaɗon da maƙera dubu suka jujjuya ba su ga aibinsa ba ya fi wanda aka sayar maka aka ce kada ka kuskura ka duba cikinsa. Wani Bakano mai sayar da wayoyi yakan ce in bar su su sha shayi lafiya. Ko a jikina. Ina da gaskiya, kuma a lokacin ban san mai gaskiya ma yana iya cika wa mutane ciki ba.

Ana nan sai Yayana ya zo mini ziyara daga ƙauyenmu na ƙasar Tahoua. Shi ya riƙe ni tun da mahaifinmu ya rasu ina ƙarami. Shi bai yi lakwal ba, wato boko, noman albasa yake yi, amma shi ya tsaya kai da fata sai da na yi. Duk lokacin da na je gida hutu, kafin in ajiye jaka ya miƙo mini makullin ɗakinsa, shi ya koma zaure da tabarma. Wayarsa kuwa ta gari ce, duk unguwa an san kod ɗinta, wanda bai sani ba a faɗa masa ta kan katanga. Haka muke can. Baƙo in ya sauka, abin da ke gidan nasa ne, balle a ce wanka ne.

Bai taɓa zuwa Arlit ba, saboda haka ya ce mako biyu zai yi. Ya sauko daga kar, babbar motar fasinja, ya yi buɗu-buɗu, da buhun albasa da ƙullin kilishi, yana tsine wa ramukan hanya. Na ji daɗin zuwansa ƙwarai. Na ɗora shi a kabu-kabu muka zaga gari, na nuna masa manyan motocin kamfani, na kai shi fada. Nan ma ban fasa wa'azina ba. Ya zauna ya saurare ni tsaf yana gyaɗa kai, yana kallon jama'a irin kallon nan na ku ga ƙanena. Tun daga ranar ya koma ce mini injiniya.

Zuwansa ya yi daidai da lokacin kokowar ƙasa, shi kuwa Yaya ba ya haɗa kokowa da komai. Talabijin ɗinmu ta lalace, sai na buɗe kwamfutar aiki muka kalla tare bayan la'asar. Wannan kwamfuta kamfani ya ba ni in ajiye a gida, don in rezo ya faɗi in gyara daga ɗaki ba sai na je ba. Wanda ya shiga cikinta ya shiga kowane ofis namu. Na sa hannu a takarda cewa ba zan ba kowa kod ɗinta ba, kuma ni ne ma na rubuta takardar.

Washegari da safe ina sauri kada motar ma'aikata ta wuce ni. Matata na zuba koko, wani maƙwabcinmu ya shigo gaida baƙo yana zaune a bakin tabarma. Sai Yaya ya ce, “Injiniya, bar mani kod ɗin abin ga, in ka tahi in kalli na jiya da sunka maimaita.”

Abin da ya kamata in yi bai fi minti biyu ba. In buɗe masa ɗakin baƙo a cikin kwamfutar, wanda ba ya taɓa komai na aiki, in sa kod mai sauƙi in ba shi. Linux ɗin da nake cika baki da ita ta iya wannan sarai. Amma bakina ya riga hankalina. Na ce masa ai ba a ba da kod, ko wa ye. Na kawo masa dalilai, na kawo misalai, har da labarin ɓarayin intanet, a gaban maƙwabci. Matata na ta yi mini ido, ni kuwa na ɗauka kokon take so in sha.

Daga nan na ce bari in buɗe masa da kaina in bar ta a kunne, abin da shi ma karya doka ne in an bi ta tsanaki. Na jawo kwamfutar. Yana zaune dab da ni, kafaɗarsa na taɓa tawa. Sai na karkatar da ita gefe, na sa tafin hannun hagu na kare, na buga kod da dama. Wallahi ban yi niyya ba, sabo ne, haka nake yi a ofis ko ba kowa. Ko da na ɗago, maƙwabcin ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Mutanen ga da sunka ƙera abin ga, da kake hwaɗi a hwada, ka taɓa ganin ko ɗaya?” Na ce a'a. Ya ce, “Amma ka yarda da su.” Ya ɗauki kokonsa ya ci gaba da sha.

Na tafi aiki ina ta shirya amsa a mota, don amsa akwai ta. Ba mutanen na yarda da su ba, aikinsu ne a fili. Amsa ce mai kyau, na kuma yi sa'a ban samu damar faɗinta ba. Da na dawo matata ta ce bai ko kalli wajen kwamfutar ba, har allon ya mutu da kansa. A gidan maƙwabci ya kalli kokowarsa. Kwana biyu bayan haka ya ce ya tuna albasa na son ruwa, alhali an riga an cire ta, buhunta ma ga shi a kicin ɗinmu. Na raka shi tasha, ya yi mini addu'a mai tsawo kamar yadda ya saba, ya hau kar.

Matata ta wanke ni tas. Na ce mata doka ce. Ta ce ba ta ga inda doka ta ce a sa hannu a kare ba. Akwai ɗin kuwa, ni ne ma na rubuta.

Da hutu ya zo na tafi gida da shadda da sabuwar waya. Na same shi shi kaɗai na ba shi haƙuri sosai. Ya yi dariya ya ce me aka yi, shi ya manta ma. Ya kira yara suka ɗauki jakata, aka yanka kaza. Hankalina ya kwanta, na ce a raina ashe ni ne na ɗauki abin da zafi.

Bayan azahar muna zaune a zaure mu biyu, saƙo ya shigo wayata. Na ciro ta zan buɗe. Sai na ga Yaya ya juyar da fuskarsa bango, a hankali, ya tsaya haka yana jira. A cikinmu masu aikin rezo wannan ladabi ne, in abokinka zai buga kod ka kau da kai, na sha koya wa mutane haka. Ban taɓa jin abin ya yi mini ciwo ba sai ranar. Na ce, “Yaya, juyo mana. Bari ma in faɗa maka shi.” Na fara karanto lambobin.

Ya ɗaga hannu, fuskarsa na bango. Ya ce, “A'a, bar shi, injiniya. Riƙe abinka. In ka gama ka hwaɗa mani.”

Na buga, na ce na gama, ya juyo muka ci gaba da zancen damina. Har yau muna waya duk Juma'a, yana aiko mini da albasa, yarana suna hutu a gidansa. Amma ko kiran wani zan yi a gabansa, sai ya juya ya jira in gama.