Kwanar da Lawali ya tsaya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Lawali. Ni ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne, 'yata Hadiza tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana.

Ni da shi direbobin kamiyo ne, manyan motocin kaya. Shi albasa yake ɗaukowa daga wajen Tawa ya kawo Yamai, ni kuma ina kai buhunan shinkafa Maraɗi. Gidansa na Yantala, nawa na Saga, duk a Yamai, amma a shekara ba mu fi zama kan tabarma ɗaya sau kaɗan ba. Abotarmu a kan kwalta take. In mun yi kiciɓis, sai ya ƙyafta mini fitila sau biyu, ya fito da hannu. In ya ɗaga shi sama, gaba lafiya. In ya danna shi ƙasa, in taka birki, akwai shanu ko rami ko mota a kwance. Ni ma haka nake yi masa. Sai mu wuce, kowa da kayansa.

Duk motar da ya gamu da ita sai ya yi mata magana. Na taɓa ce masa, "Kai Lawali, ko amalanken jaki sai ka gaishe shi?" Ya ce, "Illa, jakin ya fi ka amsa gaisuwa."

Ranar da abin ya faru, da damina ne, bayan azahar. Wata kamiyo ta lalace a bayan wata kwana, tsakanin Doso da Yamai. Masu ita sun yi abin da kowa ke yi: sun karyo rassan itace masu ɗanyen ganye sun jera a hanya tun daga nesa, don mai zuwa ya gane. Suka shiga ƙarƙashin mota suna gyara. Garken awaki ya zo ya ja rassan gefe ya cinye. Lawali ya shawo kwanar da kaya cike, hanya fes a gabansa, sai ga motar a tsaye, ya afka mata. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana faɗa wa kowa abin da ke gaba, ran nan ba wanda ya faɗa masa. Ina Maraɗi aka kira ni. Kafin in iso an binne shi.

Hadiza tana aiki a wani kamfanin waya. Kwanan baya ta nuna mini wani abu a wayarta. Ta ce a wasu ƙasashe ana kafa sanduna a bakin hanya masu ji da gani. Mota ta tsaya a bayan kwana, sandar ta gane, ta aika wa motocin da ke tahowa ba tare da igiya ba, direba ya ji ƙara a gabansa tun bai ga komai ba. Motocin ma suna faɗa wa juna. Ta ce, "Baba, wannan kam, akuya ba ta cin ta."

Na fita waje na zauna.

Na yi ta tunanin me Lawali zai ce. Na san zai fara da tsiya. Zai ce, "To, sandar tana tambayar iyali?" Bayan ya gama dariya zai ce a kafa ta gobe da safe. Ni ma haka na ce. Da ina da ikon musanya, da na ba da duk gaisuwar da muka yi a hanya, a ba ni sanda guda a kwanar nan ran nan. Amma ban ga irinta a hanyarmu ba tukuna. Har yau ganye muke jerawa, har yau awaki na yawo.

Tun rasuwarsa, duk lokacin da na iso kwanar sai in rage gudu, in ƙyafta fitila sau biyu, in danna hannu ƙasa. Ko da mota, ko babu. Na baya su bi ni su rage. Abin da ya hana ni ajiye tuƙi ke nan, ko da idona ya fara hazo. Hadiza ta yi ta faɗa, mai motar da nake tuƙawa ma ya yi magana. Na ce in na sauka, wa zai tsare kwanar? Bara dai likita ya raba gardama. Na miƙa makulli. Yanzu ina zaune a Saga ina kallon masu noman shinkafa, ba wanda ya san me hannu ƙasa ke nufi.

Watan jiya na shiga bas zuwa Doso gaisuwar mutuwa, aka ba ni kujerar gaba. Direban saurayi ne, ban taɓa ganinsa ba. Muna isa kwanar ya ɗaga ƙafa ya rage gudu, ya ƙyafta fitila sau biyu. Hanya wayam.

Na ce, "Wa kake gaisarwa?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba, Baba. Haka muka tarar ana yi a nan."

Lawali bai bar gida na kansa ba, bai bar mota ba. Sunansa ma ba su sani ba. Amma suna taka masa birki. Na so in gaya wa saurayin. Na dai fitar da hannuna ta taga na ɗaga shi sama.

Allah ya jiƙanka, Lawali. Gaba lafiya.