Ɗan'azumi Mai Faci da Giwar Baba Hambali

Duk wanda ya bi ta tashar Birnin Kudu a shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan ya san Ɗan'azumi mai faci. Gajere ne, ga ƙaton kai, hularsa kuwa ta sha baƙin mai har ba a tuna kalar da aka saye ta. Lokacin motoci sun yi yawa, hanya kuma ba ta rabo da ƙusa, don haka Allah ya buɗa masa. Ya yi wa gidansu rufin kwano, ya saya wa matarsa Kubra keken ɗinki, wanda ta fi shanya zane a kansa.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat. Mahaifinsa, Baba Hambali, yanar ido ta fara rufe masa gani. Tsohon nan ya yi noma a Dingaya har ƙarfi ya ƙare, bai taɓa roƙon kowa komai ba, sai dai kullum ya ce shi kam a duniya giwa ce bai gani ba. Kakansa ya gani, ubansa ya ga sawunta, shi labari kawai ya tarar. A da ana dariya. Da ya fara laluben buta tana gabansa, Ɗan'azumi ya daina dariyar.

Abokinsa Luke, direban wata gingimari mai bodin katako, shi ya kunna masa wutar. Ya ce a Yankari, can ƙasar Bauchi, giwaye na yawo kamar shanun Fulani, Turawa ma da 'ya'yansu suke zuwa hutu.

"Hutu? Ciwo suka yi?" in ji Ɗan'azumi.

"Kai dai baƙauye ne wallahi. Hutu! Ka kwashi iyalinka kaf, ku je ku buɗe ido. Motata ba ta da lodi sai ranar kasuwa mai zuwa. Ka zuba mai, ni in ja."

Shiri ya kankama. Kubra ta yi dambun nama da dakuwa, aka wanke tabarmi, aka ari tulu. Yara suka daina barcin rana, suna ta gardamar ko giwa na cin tuwo. Matsalar ta fara ne daga inda ba a zata ba. Mutumin kirki ba ya tafiya bai yi sallama ba, Ɗan'azumi kuwa mutumin kirki ne har ya yi yawa. Ya hau keke ya nufi Kangire, ya dawo ya nufi Yalwan Damai. Ko'ina tambayar ɗaya ce.

"Wa ya rasu a Bauchin?"

"Ba wanda ya rasu."

"To haihuwa aka yi?"

"A'a, dabbobi za mu gani."

Sai a dubi juna. Ba wanda ya taɓa jin an ɗauki mota guda don a gaida dabba. Aka yanke cewa yaron nan ɓoye wani abu yake yi, kuma ba a barin ɗan'uwa ya tafi da damuwa shi kaɗai. Kowane gida ya ba da wakili. Ranar tafiya da hantsi, bayan motar ya cika da kawunnai da gwaggwanni, da kajin saƙo, da wata tsohuwa da har yau ba a gano dangin wa ce ba. Luke ya leƙa, ya riƙe ƙugu.

"Ɗan'azumi, iyali na ce maka, ban ce gari ba."

Aka tashi da kabbara da guɗa. Baba Hambali na gaba kusa da direba, ya sa rigarsa ta Sallah, ya ɗora hannu a kan sanda. Ba a yi nisa ba wani kawu ya buga bodin mota, wai ga garin surukansa, in aka wuce ba a gaisa ba, ina zai sa fuskarsa? Aka tsaya, aka sha fura. Gaba kaɗan aka kuma. Da rana ta yi sanyi dai motar ba ta wuce ƙasar Gwaram ba, ga kuma Dingaya, inda ƙanwar Baba, Gwaggo Hapsatu, take aure. Wannan ko mahaukaci ba zai wuce ta ba.

Gwaggo Hapsatu mace ce da in ta ce zauna, ƙafarka ce ke fara jin maganar kafin kunnenka. Ta sa aka kama ɗan akuya. Washegari Ɗan'azumi ya je yi mata sallama, ta ce, "Ka ga na sauke tukunya? Uban wa zai ci wainar nan?" Wanshekare kuma maƙwabta suka ce ai nasu girkin ba a taɓa ba. Kubra ta miƙe ƙafa a inuwa ana yi mata kitso, ko muciya ba ta taɓa. Yara suka bazu rafi. Ba mai zancen giwa sai Baba, shi ma ba da baki ba. Kullum da safe sai ya sa rigar Sallar, ya lallaɓa ya zauna a gindin motar.

Luke ya ja abokinsa gefe. "Gobe ce kaɗai ta rage mini. In ba mu tafi ba, shi ke nan, sai ka kai Baba baɗi."

Ɗan'azumi ya dubi tsohon, wanda ke miƙa wa turmi hannu yana zaton mutum ne. Baɗi ba ta da amfani.

Abin da ya yi washegari da safe, har ya tsufa in an tuna masa sai ya sunkuyar da kai. Bayan sallar asuba, mata na can cikin gida suna dama koko, ya kama hannun ubansa ya sa shi a mota. Samarin unguwa suka tura ta har bayan gari don kada Gwaggo ta ji ƙara. Bai yi wa kowa sallama ba, ko Kubra. Baba Hambali da ya gane abin da ake ciki ya ce, "Kai, wannan rashin kunya ne." Sannan ya ce wa Luke, "Ɗana, taka ta."

Sun isa Yankari da rana, aka sa su a motar gandun dajin tare da ɗan rakiya. Suka ga gwanki, suka ga birai, Baba bai ga ko ɗaya ba, sai dai ya ce "to" in an faɗa masa. Ɗan'azumi ya yi ta waige-waige yana neman giwa. Can wajen la'asar, a bakin wani rafi, ɗan rakiya ya ɗaga hannu, mota ta tsaya. Ga giwa nan kusa, ita kaɗai, tana karya reshe.

"Baba, ga ta. Gabanka, dama kaɗan."

Tsohon ya ƙanƙance ido. "Wannan ai rumbu ne."

"Giwa ce, Baba."

"Ni na gina rumbu ya fi sau nawa, za ka gaya mini?"

Sai ta kaɗa kunne, ta ɗaga hanci sama, ta tako. Baba Hambali ya damƙe hannun ɗansa har sai da ya ji zafi. "La ilaha illallahu. Rumbun yana tafiya." Hawaye na bin gemunsa, bai share ba, wai kada ya rasa kallon.

Da suka koma Dingaya, Gwaggo Hapsatu ta yi wa Ɗan'azumi wankin babban bargo a gaban yaransa, ta ce ɓarawon uba, wanda bai san darajar sallama ba. Ta shekara ba ta amsa gaisuwarsa. Kubra kuwa ta yi fushin yini ɗaya don kada a ce ba ta yi ba, amma har ta yi jikoki tana cewa ba ta taɓa tafiya mai daɗin wannan ba.

Kafin damina ta kama, idon Baba ya rufe gaba ɗaya. Bai yi ƙorafi ba. Ya koma zaure, yaran unguwa na kewaye shi, yana buɗe hannuwa yana nuna musu faɗin kunnen. Duk shekara kunnen na ƙara girma. Ɗan'azumi na jinsu daga bakin ƙofa, yana goge hannu da tsumma, bai taɓa gyara masa awon ba.