Injin da Ya Ƙi Fita ta Zaure

Laifina ne, kuma gara in faɗa da bakina tun daga farko. Na yi shekaru ina tuƙi, na ga abubuwa iri-iri a hanya, yawancinsu sun shuɗe sun bar ni. Amma ranar da injin motata ya ƙi fita ta zauren gidanmu, da maganar da na yaɓa wa mai ɗakina kafin wannan ranar, ba zan manta da su ba har ƙasa ta rufe idona.

Farkon shekarun tamanin ne, muna cikin Jihar Sakkwato tukuna. Na gaji da tuƙa motar mutane tsakanin Gummi da Anka, sai na sayar da shanun huɗata na sayi wata tsohuwar motar ɗaukar kaya mai bodin katako. Injinta ya buga tun kafin in saya, shi ya sa ma ƙarfina ya kai. Da igiya aka jawo ta har ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu kusa da Bukkuyum. Tsofaffin da ke hira a gindin durumin unguwa suka raɗa mata suna Gawa. Duk fitar da zan yi sai wani ya ce, "Direba, yaushe za a yi mata sutura? Muna da alwala."

Na aika Anka aka kira mini taubashina, ɗan ƙanin Inna mahaifiyata, wanda ya koyi kanikanci a Gusau. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Wanda ya sayar maka da wagga ya yi sallar nafila ta godiya. Amma za ta tashi." Shi ya so mu yi aikin a waje, kusa da motar. Ni na ƙi. Ba na so tsofaffin nan su zuba mini ido suna ƙirga kurakuraina. Na fi so a yi komai a ɓoye a cikin gida, sai dai kawai su ji ƙara.

Haka muka warware injin a ƙofar gida muka riƙa shiga da shi gunduwa-gunduwa. Zaurenmu irin na da ne, marigayi mahaifina ya gina shi, ƙofofinsa biyu ƙanana kuma ba sa kallon juna, don kada mai wucewa ya hango cikin gida. Gangar jikin injin, wadda makanikai ke kira bulo, sai da muka tuɓe ta tsirara muka ɗora kan busasshiyar fatar sa, samarin unguwa suka ja ta suna nishi, aka karkata ta da ƙyar ta shige. Muka dire ta a inuwar darbejiya, daidai kan sabon daɓen da matan unguwa suka taru suka yi wa matata a ranin nan, ja wur da makuba, har ɗaukar ido yake yi.

Samarin suna shan ruwa sai na ji muryar matata daga bakin ƙofar ɗaki, a hankali. "Malam, in ya haɗu, ta ina za shi hita?"

Tambaya ce kawai. Da ina da hankali da na tsaya na dubi zauren. Amma na ga samari sun juyo suna kallona, sai girman kai ya hau ni. Na ce, "Ke da iyakar saninki muciya da tukunya, mi ya haɗa ki da injin mota? In an zo tuƙin tuwo za mu neme ki." Aka kwashe da dariya. Ta saki labule ta koma ciki. Inna tana zaune tana sussukar gero, ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa a lokacin ji nake na yi abin gwaninta.

Ban da wannan, kwanakin da suka biyo baya suna cikin mafiya daɗi a rayuwata. Muka shimfiɗa tabarmi muka jera kowane ƙarfe a mazauninsa, muka hana awaki da kaji sakat. Muka wanke komai da kananzir har ya koma fari. Na je Gusau aka gyara karanshaf, na sayo sabon ringi da gaskit, shimfiɗar da ake ɗora kan injin a kanta, na rungumo su a ƙirji kamar jariri. Taubashina ya koya mini goge bakin bawul, ana murza shi da ɗan sanda tsakanin tafin hannu. Ina cikin murzawa sai ya ɗaga murya yadda duk gidan za a ji, "Ku zo ku ga mai raina muciya yana burga miya." Na jefe shi da tsumma. Da hantsi matata takan dama mana fura da nonon da Fulanin bayan gari ke kawowa, ta ajiye ta juya. Daɓenta ya yi baƙi ƙirin da mai, ba ta taɓa buɗe baki a kai ba.

Akwai dalilin da ya sa muke sauri. Ƙanin matata zai yi aure a Gwashi, ni kuma na riga na cika baki cewa a motata zan kai ta, da Inna, da duk matan unguwa da kayan bikinsu. Har ta aika gida ta ce kada a turo mata kowa, da motar mijinta za ta zo. Matan unguwa ma ba wadda ta nemi wata hanyar.

A cikin kwanakin ne na lura matata tana wasu abubuwa. Ta kwashe tukwanenta daga madafa ta mayar gindin rumbu, ta kafa murhu a can. Ta tsinke kabewar da ta yaɗu a kan katangar bayan madafar tun ba ta gama ƙosawa ba. Ta ɗauke akurkin kajinta. Na ce a raina, mata dai ba sa rabo da sauye-sauye. Ko tambayarta ban yi ba.

Ana jibi biki muka ɗaure noti na ƙarshe. Muka ɗora injin kan gumagumai, muka jona batir, muka rataya galan ɗin fetur a reshen darbejiya. Ya yi tari, ya sake tari, sannan ya kama da wata irin ƙara da ta watsa kaji ta sa awaki tsinke igiya. Hayaƙi ya turnuƙe gidan. Ni da taubashina muka rungumi juna, baƙi ƙirin kamar mun fito daga rijiyar gawayi. Inna ta toshe kunne tana dariya tana cewa, "Ya isa hakanan, kun tada mutanen kabari." Daga waje na ji wani tsoho na cewa, "Gawa ta yi atishawa."

Washegari da safe samari suka dawo. Aka ɗaure injin a kan azara biyu, aka ɗaga da salati, aka nufi zaure. A bakin ƙofar ciki aka tsaya. Yanzu ya samu kai, ya samu kunnuwa ta kowane gefe, ga masu ɗauka dama da hagu. Aka gwada ta tsaye, aka gwada a karkace, aka sauke aka ja. Ko da ya shiga ƙofar farko, babu filin da zai juya ya nufi ta biyu. Zufa ta karyo mini, ba ta nauyi ba.

Na ja taubashina gefe na ce mu sake kwance shi. Ya ce, "In munka buɗe kansa, gaskit ya tashi aiki, sai an koma Gusau. Ka ce wa amarya ta jira mu sati mai zuwa." Wani saurayi ya ce a fasa zauren. Inna ta miƙe tsaye. "Zauren da uban gidan ga ya gina da hannunai, ta nan anka hita da shi zuwa makwancinai. Wanda zai taɓa shi ya fara da ni." Ga injin lafiyayye a cikin gida, ga mota a waje, ga mata sun riga sun sha lalle. Sai a lokacin tambayar nan ta dawo mini, kalma bayan kalma.

Can sai labule ya motsa. Matata ce, amma ba da ni ta yi magana ba. Ta ce, "Inna, ki ce musu bayan madahi babu komi."

Muka zagaya. Wurin a share tas, babu tukunya, babu kaza, babu kabewa. Katangar nan ita ce ke kallon lungun da mota za ta iya shiga da baya. Na dafa ta, na ji ta a jiƙe. Tun da asuba matata take kwara mata ruwa don ta yi taushin sara. Taubashina ya dube ni, ya dubi katangar, ya ce, "Ashe tun tuni akwai injiniya a gidan ga, ka wahalshe ni daga Anka." Daga baya Inna ta gaya mini yadda aka yi matata ta sani. Gadonta na ƙarfe, ranar da aka kawo ta gidan, sai da aka kwance shi kafin ya wuce zauren nan. Ni ina can wajen abokai ana shagali, ban gani ba.

Kafin azahar an sare katanga, an turo mota da baya har bakin giɓin, an ɗaga injin an zaunar da shi a mazauninsa. Da la'asar na murza makulli ta tashi. Tsofaffin gindin durumi su suka fara hawa, suna riƙe da hulunansu, na zagaya gari da su yara na bin mu a guje. Washegari na cika bodi da mata da ƙore da buhunan shinkafa, muka kama hanyar Gwashi ana guɗa ana waƙa, duk ramin da muka faɗa sai an yi shewa. Matata ta sauka a ƙofar gidan ubanta daga motar mijinta, kamar yadda ta aika ta faɗa. Na ga yadda take murmushi da 'yan'uwanta, na kuma san ba ni na fitar da ita kunya ba, ita ta fitar da ni.

Duk da haka bakina ya yi nauyi. Na sayo mata atamfa a Gummi, ta durƙusa ta karɓa ta yi godiya. Na kawo kilishi, ta raba wa gida. Ba ta canza mini fuska ba, amma hirar da muke yi a da ta ragu, kuma ba ta ƙara tambayata komai a kan harkata ba. Wannan ya fi faɗa ciwo. Wata rana Inna ta kira ni ta ce, "Atamfa cikin ɗaki ka ba ta. Magana kuwa tsakar gida ka yi ta, gaban ɗiyan mutane. Inda ka zubar nan za ka kwashe."

Abin da na koya ke nan, kuma ya yi mini amfani har tsufana. Wanda yake shiga yana fita ta ƙofa kullum ya fi ka sanin faɗinta, ko da bai taɓa riƙe sifana ba. Kuma kyauta ba ta biyan bashin magana.

Ranar da aka yi gayyar tada katangar, samarin nan duka suka zo, taubashina ma ya zo wai don ya ga ƙarshen wasan. Matan unguwa suna gefe suna shirin sabon daɓe. Ina tsaye cikin kwaɓin ƙasa har gwiwa na ce a dakata. Na kira matata, ta fito bakin ƙofa tana gyara mayafi. Na ce:

"A nan na ce iyakar saninki muciya da tukunya, gaban waɗannan mutane. To, su ji da kunnensu. Ke kika yi gaskiya, ni na yi wauta, kuma na ci mutuncinki ba ki yi mini komi ba. Na ɓata miki daɓe, na sa kin rasa madahi da kabewarki, kika rufa mini asiri. Don Allah ki yafe mini. Ga katanga nan ba mu aza tubali ko ɗaya ba. Ki gaya muna, a rufe duka ko a bar ƙofa, yadda kika ce haka za a yi."