Baba Yohanna da Fuskar Maman Jemimah

Ka san yawan simintin da ake buƙata a ƙera mutum daga kafaɗa zuwa sama? Ni ma ban sani ba sai da na tambayi Baba Yohanna. Rabin buhu, in ji shi, da kwanon sarki biyu na yashi mai laushi, da rodi ƙafa shida, da 'yar ragar waya, sai kwana goma sha ɗaya idan hannu ya saba.

Sunana Eunice, ina da gidan bulo a Kamazou. Shekara tara ke nan duk tifar yashin da ta sauka a wurina sai na ware masa kwano ashirin daga gefen da ya fi laushi, in sa a kai masa Narayi. Ta haka na san shi, ta haka kuma na san matarsa, Damaris, wadda kowa ke kira Maman Jemimah.

A wani ƙauye kusa da Zonkwa aka haife shi. Tun yana ƙarami yake ƙera shanu da yumɓun bakin rafi, ya jera su a rana, akuyoyi su tattake, ya sake wasu. Ya zo Kaduna a 1978, ya samu aiki a wata masaƙa a Kakuri, sashen zanen atamfa. Shekara goma sha tara ya yi a can kafin injuna su tsaya. Abokan aikinsa wasu suka koma gona, wasu suka hau acaɓa. Shi kuwa wani Kirsimeti ya ƙera wa cocinsu ɗan rago na siminti, aka ajiye a bakin ƙofa. Kafin Ista mutum huɗu sun zo neman irinsa. Shi ke nan, sana'a ta samu.

Ya yi mikiya ta kan ƙofar gida, ya yi zakuna na bakin otel, ya yi Makiyayi Mai Kyau har guda shida. Amma abin da ya fi yi shi ne kan mamaci. A wajen mutanenmu, idan mutum ya cika shekara da rasuwa, dangi kan koma ƙauye, a gyara kabari da siminti, a rufe shi da farin ƙyalle, a yi sujadar godiya, sannan a yaye ƙyallen kowa ya gani. Masu hali sukan so a ga fuskar mamacin a kai. Duk kan da ya gama, Baba Yohanna yakan ja layi ɗaya da ƙusa a bangon rumfarsa. Na tsaya na ƙirga da kaina: ɗari biyu da goma sha huɗu.

Masu wucewa sukan ce masa "Baba mai gumaka". Ba ya fushi. Cewa yake yi, "Gunki sujada ake yi masa. Nawa kuka kawai ake yi masa, a tafi gida."

Yadda yake aiki ne ya sa mutane ke tsallake masu irin sana'arsa biyu a hanya su zo wurinsa. Idan ka kawo hoto, zai duba sau ɗaya ya kife shi a benci. Sai tambayoyi. Da wane gefen baki yake tauna? Idan ana yi masa magana, wane kunne yake juyowa? In zai yi dariya, ido ne ke fara motsi ko baki? Na ga wani babban ma'aikaci ya zo da hoton mahaifinsa, ya fara amsawa yana dariya, kafin tambaya ta biyar ya ciro hankici.

"Hoto ƙarya yake yi, 'yata," ya ce da ni ran nan. "Kowa in ya ga kyamara sai ya ari fuskar wani."

Maman Jemimah ce ke tankaɗe masa yashi. Sau uku take bi da shi ta rariya, kullum da safe, kafin ta ɗauki tirenta ta tafi kasuwar Sabon Tasha inda take sayar da tumatir. Wurinta ɗaya ne, gindin bishiyar gwaiba, taku bakwai daga bencinsa, ta ba shi baya saboda kada iska ta kai masa yashi a ido. Idan ya ce bai yi laushi ba, sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Baban Jemimah, tuwo za ka tuƙa da shi?"

A watan Nuwamba na 2023 ta faɗi a kasuwa. Kwana uku ta yi a asibiti ba ta farfaɗo ba, ta rasu. Aka kai ta gida aka binne kusa da iyayenta. Aurensu shekara arba'in da ɗaya.

Wata uku bayan haka, 'yarsu Jemimah, wadda ke koyarwa a wata firamare a Mahuta, ta lura yana cin karo da ƙafar benci. Ta ja shi wurin likitan ido. Hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama, in ji Baba Yohanna, kamar mutum yana leƙe ta cikin bututun ruwa. Likita ya ba da maganin ɗigawa sau biyu a rana, ya ce zai rage gudun ciwon amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba.

Suka dawo gida. Washegari ya aiko a kai masa yumɓu. An sa ranar buɗe kabarin Maman Jemimah ran 16 ga Nuwamba, saura wata tara, kuma bai san ko idon zai kai lokacin ba. Abin da yake so ɗaya ne: idan aka yaye ƙyallen, mutanen ƙauye su ga fuskarta, kuma ta fito daga hannunsa.

Jemimah ta tara hotuna goma sha bakwai daga wayoyin mutane, ta kai aka wanke su manya. Na duba su tare da ita. A tara, Maman Jemimah ta rufe baki da hannu saboda haƙorinta na gaba da ya fita. A biyar, tana can baya cikin matan zumunta na coci, kanta bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ukun da suka rage na katin shaida ne, ta ɗaure fuska kamar an kira ta ofishin 'yan sanda. Hoton aurensu kuwa ya tsaya a tsohon gidansu na hayin kogi tun rikicin shekarar 2000, ranar da suka tsallako da kayan jikinsu kawai.

"Ba komai," ya ce. "Ni da na kwana na tashi da ita, me zan yi da hoto?"

Kan farko ya ci kwana goma sha shida. Jemimah ta zagaya shi sau biyu, ta ce, "Baba, matar tana da kyau. Amma ban san ta ba."

Ya rushe, ya sake. Na biyu ya fito Jemimah sak, ga shi kuwa Jemimah da ubanta take kama. Na uku, ƙanen marigayiyar, Sam, ya zo daga Kakuri ya same shi a kai. Tsakaninsu akwai wasa tun Sam yana kai masa saƙon yayarsa.

"Yaya, wace ce wannan kuma?" Sam ya ce. "Yayata ba ta shekara ba har ka samo wata?"

"Matso ka duba da kyau, mai idon kifi."

"Na duba. Hancin na Fasto ne. Kumatun kuma ban san inda ka aro su ba."

Baba Yohanna ya yi dariya kaɗan. Sam ma ya yi, sannan ya jawo kujera ya zauna kusa da shi.

Ina wurin ranar da ya rushe na huɗu. Watan Yuli ne, ana yayyafi. Ya wanke hannu, ya zauna, ya ce da ni, "Madam Bulo, yi mini tambayoyina."

Ban gane ba da farko. Ya ce waɗanda yake yi wa mutane.

Na ce, "To, Baba. Da wane gefen baki Mama take tauna?"

Ruwa yana ta ɗiga daga kwanon rumfa cikin bokiti. Na ƙirga ɗigo ashirin da uku kafin ya yi magana.

"Ban sani ba," ya ce. "Takan kawo mini abinci nan, ta ajiye, ta koma kicin ta ci nata da yarinya. Haka uwata ta yi wa ubana. Ban taɓa ganin laifin abin ba."

"Wane kunne take juyowa idan kana magana?"

"Ba ta juyowa. Tana aiki take amsawa."

Ban yi ta uku ba. Shi ne ya ci gaba. Ya ce a coci tana gefen mata, yana gefen maza. A kan babur tana bayansa. Ya ce mutum ɗari biyu da wani abu ya san yadda girarsu take, waɗanda bai taɓa gaisawa da su ba, amma matar da ta wanke masa riga shekara arba'in, in ya rufe ido sai ya ga ɗankwali da murya.

Sati biyu bai taɓa yumɓu ba. Na ɗauka ya haƙura. Sai ga saƙo: buhu uku na siminti, rodi tsawo biyu, yashi kwano goma sha biyu. Na ce wa mai kawo saƙon ai wannan kayan mutum ɗungurungum ne. Na rufe wurina na tafi da kaina.

Ya ce da safen nan ya ɗauki rariya zai tankaɗe yashi, bai iya ba, ya koma benci. Da ya ɗaga kai ya dubi gindin gwaibar ta ɗan ramin ganin da ya rage masa, sai ya ga ya san komai na wurin. Ya san kafaɗarta ta hagu ta fi ta dama sauka saboda tire. Ya san inda take soke bakin zani. Ya san takan zare silifas ɗaya ta ɗora ƙafar a kan ɗayar idan bayanta ya gaji. "Wannan kam na kalla," ya ce. "Fiye da shekara ashirin ina kallonsa."

Kwana ashirin da uku ya yi. Rabin aikin da yatsa ya yi shi, yana shafawa yana gyarawa, hancinsa kusan yana taɓa simintin. Ta fito a duƙe, rariya a hannu, kai a sunkuye, ɗankwali ya sauko ya rufe goshi. A ƙarƙashinsa bai sa ido ko baki ba, ya shafe wurin sumul.

Ranar wata Alhamis matan zumunta suka biyo gaishe shi bayan taro. Su goma sha ɗaya ne. Shugabarsu ta shigo gaba, ta hango gindin gwaiba, ta ce, "Damaris," kamar mai shirin tambayarta kuɗin tumatir. Sai ta zauna a ƙasa da anko ɗinta. Bakwai suka yi kuka. Ɗaya ta je ta gyara wa simintin bakin zani kafin ta tuna.

A watan Oktoba Sam ya zo ganin abin da za a ɗora a mota. Ya daɗe a tsaye. Wannan karon babu wasa.

"Ita ce," ya ce. "Ban musa ba, ita ce. Amma Yaya, ba za a kai wannan gida ba."

"Saboda me?"

"Ka duba ta fa. Kowa a maƙabartar ƙauye yana zaune da kwat ko da gwaggwaro, kai a sama. Sai 'yar gidanmu ce za ta duƙa tana aikin lebura har Yesu ya dawo? Ta yi da ranta, ta ƙara da mutuwarta? Abeg. Kawunnanmu za su ce abin da ka ɗauke ta ke nan. Kuma ina fuskar?"

Jemimah tana tsaye a ƙofar kicin. Baba Yohanna ya juya kansa gaba ɗaya don ya same ta da idon. Ta shige ciki.

"Ba ni da fuskar," ya ce wa Sam. "Abin da nake da shi ke nan."

"To ka riƙe shi a nan, Yaya. Naka ne."

Bai yi gardama ba. Daga baya ya ce da ni maganar Sam ta fi ciwon idon zafi, domin ya juya ta ta kowane gefe bai ga inda ta karkace ba.

Mun tafi ƙauye mota biyu ran 16 ga Nuwamba. Aka yi waƙa uku, Fasto ya yi addu'a, Sam da Jemimah suka kama ƙyallen suka yaye. Tayil ne fari, an buga hoto a jiki, da suna da shekaru. Mutane suka tafa a hankali. Baba Yohanna ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tayil ɗin, ya shafa, babu abin da yatsa zai kama.

"Jemimah, tana murmushi?"

"A'a, Baba. Na katin zaɓe ne."

Ya gyaɗa kai, ya nemi sandarsa.

Yanzu ba ya aiki. Idon dama yana bambanta rana da inuwa ne kawai. Na ci gaba da biyawa duk Asabar, ko da yake babu yashin da zan kai. Maman Jemimah tana nan a gindin gwaiba, damina ɗaya ta sa mata kore a kafaɗa, yakan laluba da tsumma ya goge.

Zuwana na ƙarshe ya ce, "Madam Bulo, shekara nawa da aurenki?"

Na ce goma sha huɗu.

"Rufe ido. Faɗa mini abu goma na fuskar maigidanki Emma. Ban da baƙi ne, ban da yana da gemu."

Ni da na san yawan bulon da ke fita daga buhu ɗaya ko a barci aka tashe ni, na tsaya a huɗu. Na huɗun ma wani tabo ne, da na koma gida na duba, tabon yana ɗaya gefen, ba inda na faɗa ba.

Don Allah ka gwada yau. Ɗauki takarda, ka zaɓi mutumin da kuke gida ɗaya, ka rubuta goma ba tare da ka leƙa ba. Inda ka tsaya, ajiye biron, ka je ka zauna a gabansa ka cike sauran.